Dubu talatin, baki bakwai: littafin cefanena

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Yau na buɗe littafin. Tsohon littafin lissafin babbar ɗiyata ne, na yage shafukan da ta cika, sauran ya zama nawa. Abin da ya jawo shi, daren jiya mun yi 'yar sa-in-sa da Malam. Ya ce kuɗin da yake miƙo mini duk Juma'a kamar ruwa ne a rairayi, ni kuma na ce ya zo ya riƙe madafin sati guda ya gani. Da gari ya waye na lura duk cikinmu babu mai hujja a hannu. Shi bai san kuɗin kwanon gero ba, ni ban san hanyar da kuɗin ke bi ba. Na dai san Laraba na yi sai in fara leƙen gindin gwangwani.

Muna zaune a unguwar Mabera cikin Sakkwato, gidan haya. Baki bakwai: ni, Malam, Inna mahaifiyarsa, da yara huɗu, babbar tana da shekara 12, Auta uku. Malam yana koyarwa a makarantar kuɗi, da yamma kuma yana yi wa yaran wani gida karatu. Albashi mafi ƙaranci na naira 70,000 da shugaban ƙasa ya sa wa hannu a watan Yuli bai biyo ta ƙofarmu ba. Abin da zai iya fitarwa na abinci 24,000 ne a sati, ni in ɗora 6,000 daga ɗinki. In aka raba dubu talatin ga mutum bakwai kwana bakwai, kowane baki ya tashi da naira 612 a rana. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa kuwa tana cewa abinci mai gina jiki na babban mutum ɗaya a yini ya haura 1,200. To, mu da rabi za mu gwada.

Haya, kuɗin makaranta da magani ba sa cikin wannan lissafi. Abin da ya shiga tukunya ne kawai, da abin da ya dafa shi. Satin nan ba zan canza komai ba, rubutawa kurum zan yi.

Asabar, 12 ga Oktoba

38,350. Sai da na tara sau uku don ban yarda ba. Ƙarin dubu takwas da 'yan kai ya fito ne daga bashin mai shagon bakin layi da kuma kuɗin da nake warewa na adashi.

Ban sayi nama ba, ban sayi kifi ba. Aike ne ya cinye kuɗin. Sau 31 na tura yaro shago a kwana bakwai: magi na ɗari, sukari na ɗari biyu, ƙullin mai na ɗari biyu, garin kuka na hamsin. Jiya na zauna na kwance ƙullin mai a ludayi na auna, na ga sai an haɗa 17 kafin su cika kwalba. Kwalbar ta tsaya mini 3,400 ke nan, alhali a kasuwa 2,600 ce. Gero a unguwa 2,300, a kasuwa 2,000. Shayi da burodin da muka sha safiya biyu sun lashe 4,600, kuɗin kwanon gero biyu har da canji, kuma kafin ƙarfe goma yara sun dawo suna kewaya madafi.

Ban ga laifin mai shago ba. Shi ma mota yake biya, ga shi ranar Larabar nan an sake ƙara kuɗin fetur, lita ta wuce dubu. Kafin 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi ko ɗari biyu ba ta kai ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, wanda ba shi da shi ne ke saye da tsada. Mai hali ya sayi galan, marar hali ya sayi ƙulli, kuma marar halin ne ya fi biya.

Asabar, 19 ga Oktoba

Na hau kabu-kabu zuwa Tsohuwar Kasuwa da kuɗin sati gaba ɗaya a ɗaure a bakin zane. Gero kwano uku 6,000, dawa biyu 3,800, shinkafa 'yar gida kwano ɗaya 4,000, wake ɗaya 3,800, kwalbar man gyaɗa 2,600, kayan miya 2,500. Magi, gishiri, daddawa da kanwa 1,000, sukari 800. Zuwa da dawowa 1,000. Na ware 1,000 na niƙa da 3,000 na itace. Saura naira 500, na sa ta cikin gwangwanin madara na ɗora kan sif.

Dattijon da na yi awo wurinsa ya ga ina rubutu, ya ce, "Hajiya, ke ko ma'aikaciyar gwamnati ta?" Na ce a'a Baba, gwamnatin gidanmu ce. Ya yi dariya har ya tare kwanon da hannu ya ƙara mini gyara.

Tsarin cin ba wani sabon abu ba ne. Da safe koko, ko ɗumame in tuwo ya kwana. Da rana abin da ya samu: ɗanwake, fate, dambun tsakin dawa. Da dare tuwo, miyar kuka yau, gobe guro, jibi sure. Shinkafa da wake ranar Juma'a kawai, don yara su san Juma'a ta yi. Na kafa doka ɗaya: babu aike shago sai in gishiri ya ƙare.

Inna ta dubi kayan da na zube a tabarma ta ce, "Ke ɗiyag ga, ina nama?" Na ce sai wani satin, Inna. Ta ce, "To, Allah shi kai mu." Ba ta ƙara ba, kuma rashin ƙarawar ya fi mini ciwo.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Sati biyu a jere: 30,900 da 29,700. Na biyun ne karon farko da na tsaya cikin iyaka.

Itace ne ya fi ba ni wuya. Na dubu uku ba ya kai Alhamis. Tukunyar gas tun kafin babbar salla take jingine a lungu, ta zama kujerar Auta. Dabarun da suka yi aiki ba su da yawa. Ina jiƙa wake tun dare, da safe in zubar da ruwan in sa 'yar kanwa, sai ya nuna cikin kusan rabin lokacin da. Na kewaye murhun da laka ta gefe biyu don iska ta daina kwashe wutar. Tuwon dare ina tuƙa shi da yawa a wuta ɗaya ya haɗa da ɗumamen safe, garwashin da ya rage kuma in kashe shi da ruwa in shanya, ya zama gawayin kurfoti. Ƙanzo ma na daina ba kajin maƙwabta. Inna ke shanya shi, in ya taru ta jiƙa ta yi ɗatu da ƙuli da tonka, yara har faɗa suke a kai.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Albasa. A Sakkwato! Mu da muke ganin tireloli suna lodinta zuwa Kudu har da ƙasashen maƙwabta, yau ni ce ke juya ƙwara ɗaya a hannu ana ce mini ɗari uku. Masu sayarwa sun ce ambaliyar daminar bana ta ci gonaki da rumbuna, wasu manoma kuma iri ya ba su kunya. Ko mene ne, na ajiye ta na wuce.

Inna ce ta fid da ni. Ta aika aka sawo mata lawashi na ɗari biyu, ta daka, ta dunƙula, ta shanya a rana. Gabu ke nan, wanda na sani tun ina yarinya amma ban taɓa yi da hannuna ba, ina ganin abin ƙauye ne. Ɗan kaɗan za ka marmasa a mai, ƙamshi ya cika gida. Malam ya ci tuwo ya ce yau an samu albasa ke nan. Ni da Inna muka haɗa ido, ba wadda ta ce uffan.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Buhu ya shigo gida.

Tun farkon littafin nan shi nake hari. Kowa ya san yadda abin yake tafiya: da kaka hatsi ya sauko, azumi na matsowa ya fara hawa, bazara ta yi sai mai rabo. Bara mun ga abin da ba mu taɓa gani ba, ga rufe iyakar Illela bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, ga faɗuwar naira, gero ya riƙa tashi kamar ana hura shi. Watan jiya kuma Malam ya ji a rediyo cewa gwamnatin Nijar ta hana fitar da hatsi da wake zuwa waje in ban da Mali da Burkina Faso. Na ce bana ba za a ritsa da ni ba.

Muna adashin dubu goma-goma a wata mu bakwai, kwasata sai Janairu. Na roƙi maƙwabciyata da ke da ta Nuwamba muka yi musanya, na yi mata alkawarin ɗinkin sallar yaranta biyu kyauta. Jiya Laraba ƙanin Malam ya je kasuwar Achida ya sawo buhun gero 68,000, mota da dako 2,000. Da dare na shimfiɗa tabarma na aune shi da kwanona: 39. Kowane kwano ya tsaya kusan 1,800, a nan gari kuwa 2,000.

Ba za a taɓa shi ba sai azumi. Zan ci gaba da awon sati tunda yanzu da sauƙi. Na ɗora shi kan katako a ƙuryar ɗakin Inna, na cusa busasshen ganyen dogonyaro a bakinsa saboda ƙwari. Sabon wake ma ya fara sauka, na sayi kwano huɗu da ribar wani ɗinkin biki, na shanya shi sosai na ɗura a jarkar da na wanke, na toshe bakin da leda kafin murfi. In iska ba ta shiga, ƙwarin ciki mutuwa suke. Hikimar buhun nan mai ninki uku da malaman gona ke tallatawa ke nan. Wata ta ce in yayyafa maganin feshi, na ce abin da zan ba 'ya'yana ne.

Asabar, 30 ga Nuwamba

29,200. Da rarar da kuma abin da ya taru a gwangwani na je Kasuwar Daji na sayo ƙashi na 1,500. Miya uku ya yi. Inna ta samu ɓargo, ta kira Auta, "Zo nan maigidana, yau gidanka an yi arziki."

Asabar, 14 ga Disamba

Ranar Litinin da magariba aka yi sallama. Ɗiyar ƙanwar Inna ce daga wani ƙauye wajen Sabon Birni, da yara uku da ƙullin kaya ɗaya. 'Yan bindiga sun aza wa garinsu kuɗi kafin a bar su su yi girbi, aka biya, aka sake aza wani. Mijinta ya tsaya ko zai tsira da abin da ya rage a gona, ya ce su su yi gaba.

Baki goma sha ɗaya. Awon sati ya ƙare ranar Laraba da rana. Na tsaya a ƙofar ɗakin Inna ina kallon buhun, ita kuma tana kan darduma tana kallona. Ta ce, "Kwance shi. Don mi anka saye shi?" Na ce don azumi, Inna. Ta ce, "Wa ya ba ki takardar kai azumi?" Na kwance.

Zan rubuta gaskiya tunda littafina ne. Raina bai so ba. Baƙonka annabinka, na sani, da shi aka raine ni. Amma wata biyu ina ƙirga ƙwayar magi, sai ga shi idona ya koyi abin da ban aike shi ba. Na kama kaina ina lissafa malmala nawa ta shiga ɗakin baƙi, ina lura da yaron da ya ƙara miya. Kafin littafin nan ban san wannan halin a jikina ba. Da, in baƙo ya zo sai in ƙara ruwa a miya in ci bashin shago, in wuce wurin ban san nawa ya tafi ba. Yanzu na sani har kwabo, kuma sanin bai ƙara mini kirki ba.

Lahadi, 22 ga Disamba

Baƙuwar ba mai zama ba ce. Tun asuba take karɓe turmi, ta yi surfe, ta daka, sai ga kuɗin niƙa ya ragu da rabi. Ta koya mini hoce irin nasu na garin dawa, wanda ake gasawa ya kwana biyu bai lalace ba, yara su tafi da shi makaranta maimakon naira hamsin-hamsin da suke nema. Ta fi ni sanin ganye nesa ba kusa ba. Ta zaga bayan unguwa ta dawo da abin da ni ciyawa nake ɗauka, aka yi ɗatu aka ci.

Shekaranjiya da dare ina rubutu a tsakar gida da fitilar waya, ta zo ta zauna gefena. Ba ta yi boko ba, amma ta san lamba. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a hankali, "Yaya, mu ma kina rubuta mu ciki?"

Na ce a'a, kuɗin ɗinki nake tarawa. Ƙarya na yi, kuma ina jin ta gane. A shafin da ke buɗe akwai inda na rubuta "baƙi" na ja layi a ƙarƙashi har sau biyu.

Ban yi barcin kirki ba. Da safe na gaya wa Malam zan bar littafin. Ya ce kar in bari, ai littafin ne ya kawo buhun da ake ci yanzu, in ba don shi ba da yanzu muna wurin mai shago muna sunkuyar da kai. Wannan gaskiya ne. Abin da na ji a raina shi ma gaskiya ne. Abin da na yi dai, na daina rubutu a tsakar gida, na kuma soke kalmar. Na buɗe sabon layi a lissafin sati mai suna "rabon wani", naira 1,500, in cire shi tun ranar Juma'a kafin in taɓa komai. Almajirin da ke mana wanke-wanke, kwanon da ake miƙa wa tsohuwar gidan baya, wanda ya yi sallama ana cin abinci, duk daga nan. In na riga na fitar da shi daga hannuna, ba na jin ana ɗebe mini.

Asabar, 28 ga Disamba

Sun tashi ranar Laraba, kwana 16. Mijin ya iso, wani ɗan garinsu ya ba su ɗaki a gidan da ba a gama ginawa ba a bakin gari, shi kuma ya fara dako a kasuwa. Na auna buhu: saura kwano 28. Na ɗaure bakinsa da igiya.

Asabar, 18 ga Janairu, 2025

Sanyi ya kawo sauƙi. Kayan fadama sun fara shigowa daga Kwalkwalawa da sauran bakin gulbi, tumatir ya faɗi, tattasai da tarugu ma haka, sabuwar albasa ta fara leƙowa. Na tuna watan Mayu da Yunin bara, lokacin da tsutsar nan ta cinye gonakin tumatir har aka koma miyar kuka dole ko a gidajen masu hali. Na je da yamma lis, lokacin da masu kaya ke son su rabu da shi su tafi gida, na sayi ƙaramin kwando 3,500. Mun yanka ni da babbar ɗiyata, muka baza a tabarma kan rufin ɗaki. Iskar hunturu mai busarwa ce, amma mai ƙura, sai na rufa da tsohon labulen gidan sauro. Kwana biyar ya zama kauɗa, duk kwandon ya koma leda ɗaya da rabi. Kafin a dafa sai an wanke an jiƙa, in ba haka ba a ci rairayi.

Kudaku, wato dankalin Hausa, shi ma ya yi araha, ya karɓi abincin rana sau biyu a sati. Satin nan 28,600, har da rabon wani.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Ranar Talata na kai Auta asibitin unguwa, zazzaɓi da tari. Bayan an duba shi, ma'aikaciyar ta ɗauko ɗan tef ɗin nan mai launi uku ta zagaya damtsensa. Kore lafiya, rawaya gargaɗi, ja kuma sai an ɗauki mataki, iyakar kore santimita 12.5. Nasa yana cikin kore, amma a bakin layi. Ta tambaye ni abin da yake ci. Da na lissafa sai na ji kunyar bakina: koko, tuwo, kudaku, koko, tuwo. Ta ce, "Maman yaro, cikinsa na cika, jikinsa ne bai samu ba."

Nan ne na gane kuren lissafina. Wata huɗu ina murnar lambar ƙasan shafi, kuma hanyar da ta fi sauƙi ta rage lamba ita ce a ƙara hatsi a rage komai. Babba zai jure. Yaro ɗan shekara uku cikinsa ƙarami ne, ba zai iya cin tuwon da zai ba shi abin da yake bukata ba.

Ta koya mini haɗin gari: awo shida na gero ko dawa, uku na waken suya, ɗaya na gyaɗa. A soya kowanne daban sama-sama, a cire ɓawon waken, a haɗa a niƙa, a dama kamar kunu. Na yi da gwangwanin madara, ya ishe shi kwana goma. Na kuma shigar da kwanon waken suya cikin awon sati a madadin rabin shinkafa. Ina yin awara da ruwan tsamin gasara, kowa ya samu, dusar da ta rage in zuba a miyar kuka ta yi kauri. Ƙwai uku a sati na Auta ne shi kaɗai, 'yan'uwansa suna ta ƙorafi, na ce duk wanda ya koma shekara uku ya zo ya karɓa. Zogale kuma na daina jiran sai an yi marmari.

Sati ya koma 31,000. Na gaya wa Malam ba zan sauko da shi ba. Ya ce Allah ya hore.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Abin dariya, abin haushi. Azumi saura sati guda, lokacin da na yi rantsuwa gero zai tashi, yau na iske shi 1,600 a Tsohuwar Kasuwa. Dawa ta sauko, wake ya sauko, shinkafa ma ta ɗan sassauta. Dattijon mai awo ya ce waɗanda suka cika ɗakunan ajiya da kaka suna jiran irin ribar bara yanzu su ke bin mutane da kaya. Wasu na cewa damina ce ta yi kyau a wurare da dama, wasu na cewa sassaucin harajin shigo da hatsi da gwamnati ta yi ne ya karya farashi. Ni dai na san kwano 28 nake da su a ɗaki da na saya a 1,800. Hasarar ta kai 5,600, ga ɗinkin yara biyu da zan yi kyauta.

Malam ya so ya tsokane ni, "Hajiya 'yar kasuwa, ƙaƙa ciniki?" Inna ta tare shi: "Kai rufe baki. Ranar da mutane sunka zo, kai ka ciyar da su?" Ya yi shiru yana murmushi.

A rediyo kuma an ce hauhawar farashi ta faɗo daga kashi 34.80 a Disamba zuwa 24.48 a Janairu. Malam ya bayyana mini cewa ma'aunin ne hukumar ta sabunta, ba wai kaya sun zube da kashi goma cikin wata guda ba. Na ce ai na san wannan, in mai awo ya canza kwano ba a cewa gero ya ƙaru. Mai, sukari da itace suna nan inda suke.

Daga yau na daina sayen gero, buhu za a ci. Kuɗin da ya ragu ya koma sukari, tsamiya da man suya.

Asabar, 8 ga Maris

Mun ɗauki azumi ranar Asabar da ta wuce, bayan Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ya sanar da ganin wata ranar Juma'a da dare. Mutum zai ɗauka cin sau biyu ya fi sau uku araha. Ina! Satin farko 34,800. Ƙanƙara kaɗai ta ci 2,800, don zafin Sakkwato ya fara nuna hali kuma wuta sai ta ga dama. Ƙosai kullum yana shan mai kamar rairayi.

Gyaran da na yi: ƙosai kwana uku, sauran ranakun alala ko awara. Kunun tsamiya da hura daga buhu. Ruwan sha na koma randa, na lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhun algarara a inuwa, ƙanƙarar ɗari biyu kuma ta Inna ce. Kauɗar Janairu ta fara aiki. Rabon wani na ninka shi zuwa 3,000, don a watan nan kwano ba ya zama wuri ɗaya, kuma abin da ke shigowa daga maƙwabta ban san yadda zan rubuta shi ba. Jiya an aiko mana da farfesun kan rago daga gidan da ban taɓa aika wa komai ba sai kunu.

Asabar, 29 ga Maris

Azumi 29. Satuttuka ukun da suka wuce: 32,100, 31,400, 31,900. Bashin mai shago na biya shi tas tun tsakiyar wata, yanzu in na wuce shi ke fara gaishe ni. Na mayar da Auta aka sake auna damtsen, ya matsa cikin kore, ba da yawa ba. Ɗinkin yaran maƙwabciya na gama shi jiya da tsakar dare.

Ɗazu bayan la'asar Malam ya jawo buhun tsakar gida, ya zama kamar tsumma. Ya zazzage a tabarma, kwano takwas. Ya ari mudun Annabi a masallaci ya auna zakkar fid da kai, mudu huɗu-huɗu na mutum bakwai, yana auna yana kiran sunan kowa, Inna na amsawa da amin. Ta ce a kai wa mutanen Sabon Birni mafi yawa, sauran a ba tsohuwar gidan baya. Babban yaron ya ɗauka a kai, Malam ya bi shi da kuɗin kabu-kabu.

Abin da ya rage a tabarma bai cika kwano ba. Na jiƙa shi na hurar safe, ko an ga wata ko ba a gani ba za a sha. Naman salla na sa hannu a watanda da matan layinmu, kashi ɗaya 4,000, ban san layin da zan rubuta shi ba tukuna. Littafin saura shafi huɗu, na ce wa babbar ɗiyata ta duba mini cikin jakarta ko akwai wani da ta gama da shi.